Zamana da lamba 2,147,483,647

Ranar da na fara cin karo da wannan lamba, ban ma gan ta ba, inuwarta na gani. A lokacin ina koyon rubuta manhajar kwamfuta, sai na rubuta wata 'yar ƙarama wadda ba ta da aiki sai ta ɗauki 1 ta riƙa ninkawa biyu, tana jera mini sakamako a kan allo. 2, 4, 8, 16, 32. Ina zaune ina kallon layukan suna ta ƙara tsawo, har aka kai 1,073,741,824. Layin da ya biyo baya sai ga alamar ɗebewa a gabansa: −2,147,483,648. Na ninka abu biyu, maimakon ya ƙaru sai ya faɗa ƙasa da sifili. Na sake karanta abin da na rubuta sau uku, ban ga kuskure ba. Na kashe, na kunna, abin nan dai shi ne. Daren nan barcina bai yi nauyi ba.

Daga baya na fahimci cewa ma'ajin da na zuba lambar a ciki gurbi 32 gare shi, kowane gurbi kuwa sifili ko ɗaya kaɗai yake ɗauka. An ware gurbi guda don nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa da shi, saura 31. Idan ka cika gurbin nan 31 da ɗaya-ɗaya, ka kai maƙura, kuma maƙurar ita ce 2,147,483,647. Ka ƙara ɗaya tak, sai komai ya kife ya koma can ƙarshen ɗaya ɓangaren. A baki ana karanta ta haka: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A gajarce kuwa 2^31 − 1 ce, wato ka jera biyu guda 31 ka ninka su da juna, sannan ka ɗebe ɗaya.

Shekaru sun wuce, ina koyar da lissafi, na rubuta ta a allo wata rana. Wani ɗalibina mai son harkar kwamfuta ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai wannan lambar kwamfuta ce. Masu ƙera na'ura ne suka ƙirƙiro ta, ko?" Na ce masa, "A'a, ɗana. Sun tarar da ita ne. Mutumin da ya fara sanin halinta ya rasu tun 1783, kuma lokacin da ya yi aikin idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya." Tambayar yaron nan ta zauna mini a rai, domin ta taɓo abin da nake ganin shi ne ginshiƙin maganar rarraba lambobi gida-gida: akwai halin da yake na lamba ita kanta, akwai kuma rigar da mu muka sa mata. Yawancin jerin siffofin da ake lissafowa game da babbar lamba suna cakuɗa su wuri guda, kamar duk darajarsu ɗaya, alhali ba haka ba ne.

Bari in fara da riguna, don ba za su ɗauke mu lokaci ba. Alƙalumanta goma ne. Idan ka tara su, 2 da 1 da 4 da 7 da 4 da 8 da 3 da 6 da 4 da 7, za ka sami 46. Tana ƙarewa da 7. Duk waɗannan gaskiya ne, amma sun dogara da cewa muna ƙirga goma-goma. Ka rubuta ta da tsarin sifili da ɗaya, sai ta koma ɗaya guda 31 a jere, babu sifili ko guda. Ka rubuta ta da tsarin sha shida-sha shida da masu manhaja ke amfani da shi, sai ta zama 7FFFFFFF. Lambar ba ta motsa ba, riga aka sauya mata. Haka ma zamanta iyakar ma'aji mai gurbi 32: shawara ce ta masu ƙera na'ura, da sun zaɓi gurbi 30 da wata lambar ce ke wannan matsayi. Ba na raina rigunan, domin wani lokaci riga takan tona abin da ke ƙarƙashinta. Jimlar nan ta 46, alal misali, ta nuna mana cewa 3 ba ta raba lambar daidai, 9 ma haka, kullum saura ɗaya. Amma abin da ya sa na daɗe tare da ita yana can ciki.

Halinta na farko: mara ce, ba cika ba. Na biyu, wanda duk sauran suka rataya a kansa: babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Masu lissafi suna kiran irin waɗannan lambobi firam, ni kuwa na fi jin daɗin ce musu gagara-rabo, don sunan ya faɗi aikin. 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka suke tafiya ba iyaka. Tamu ita ce ta 105,097,565 a wannan jeri. Wadda ke gabanta ita ce 2,147,483,629, wadda ke bin bayanta kuma 2,147,483,659. Ba ta da 'yar tagwai, wato gagara-rabon da ke nesa da ita da biyu kacal: idan ka ɗebe mata biyu za ka sami lamba mai ƙarewa da 5, idan ka ƙara mata biyu za ka sami 2,147,483,649, wadda take 3 sau 715,827,883.

Maƙwabtanta na kusa sun fi ba ni sha'awa. Ta hagu, 2,147,483,646, gida ne cike da jama'a: 2 sau 3 sau 3 sau 7 sau 11 sau 31 sau 151 sau 331. Lambobi 192 ne ke raba ta daidai. Ta dama, 2,147,483,648, biyu ce zalla tun daga sama har ƙasa, masu raba ta 32 ne. A tsakiyarsu ga wadda ba ta yarda da kowa ba. Taku ɗaya ne tsakaninsu, amma hali ya sha bamban. Wannan shi ne abin da ban taɓa sabawa da shi ba a lissafi, duk shekarun nan: tarawa da ninkawa suna zaune a gida ɗaya, amma ɗaya ba ya gaya maka sirrin ɗaya. Ka ƙara 1 a kan lamba, duk abin da ka sani game da masu raba ta ya tashi a banza.

Akwai wata tsohuwar rarrabawa da aka gada daga Girkawa. Ka ɗauki lamba, ka tara duk masu raba ta ban da ita kanta. Idan jimlar ta gaza lambar, mai giɓi ce. Idan ta zarce, mai rara ce. Idan ta zo daidai wa daida, kamila ce, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1 da 2 da 4 da 7 da 14. A wannan ma'auni tamu mai giɓi ce iyakar giɓi, tunda 1 kaɗai gare ta. Maƙwabciyar hagu mai rara ce sosai. Ta dama kuwa, ka tara 1 da 2 da 4 da 8 har zuwa 1,073,741,824, sai jimlar ta gaza ta da ɗaya tak. To wace lamba ce ta gaza 2,147,483,648 da ɗaya? Tamu ce. Wato idan ka tattara duk masu raba maƙwabciyar ban da ita kanta, tamu ka tara. Ranar da na lura da wannan da kaina, ba wani ya nuna mini ba, na daɗe ina duban takardar.

Danginta su ne lambobin Mersenne, waɗanda ake samu idan an ninka biyu da biyu sau wani adadi aka ɗebe ɗaya: 3, 7, 15, 31, 63, 127, da sauransu. An sa musu sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648, wanda ya riƙa musayar wasiƙu da manyan masana na zamaninsa, har ya zama kamar mahaɗar hanyoyinsu. Tambayar da ta dami mutane ita ce: cikin waɗannan, waɗanne ne gagara-rabo?

Sharaɗi na farko yana da sauƙin gani idan ka rubuta su da sifili da ɗaya. 15 ita ce 1111, ɗaya guda huɗu. Huɗu tana kasuwa biyu-biyu, 11 da 11, kuma 11 a wannan tsari ita ce 3, saboda haka 3 tana raba 15. 63 ɗaya guda shida ce, tana kasuwa biyu-biyu ko uku-uku, shi ya sa 3 da 7 duk suke raba ta. Muddin adadin ɗaya-ɗayan yana kasuwa kashi-kashi daidai, lambar ta rabu. Dole ke nan adadin ya zama gagara-rabo shi ma. 31 ya cika wannan sharaɗi. Amma kama da wane ba ta wane. 11 ma gagara-rabo ce, duk da haka 2^11 − 1, wato 2047, ita ce 23 sau 89. Haka 2^23 − 1 tana rabuwa da 47, 2^29 − 1 kuma da 233. Bayan da Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar a 1588 cewa 131,071 da 524,287 gagara-rabo ne, waɗanda suka fito daga 17 da 19, sai 23 ta faɗi, 29 ta faɗi. Babu abin da ya lamunce wa 31 cewa ita za ta tsaya.

A 1644 Mersenne ya fitar da jerinsa, ya ce daga 2 zuwa 257 adadin da ke ba da gagara-rabo su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. A kan 31 ya dace, amma faɗa daban, tabbatarwa daban. Sai da aka shekara 128 kafin a sami mai tabbatarwa.

Leonhard Euler ne, haifaffen Basel a 1707, wanda ya ƙare rayuwarsa a birnin Sen Fitasbag na Rasha. A 1772 ya rubuta wa ɗaya daga cikin 'yan gidan Bernoulli, zuri'ar masana lissafi, wasiƙa cewa ya tabbatar 2^31 − 1 gagara-rabo ce. A nan nake so in daɗe, domin yadda ya yi aikin ya fi sakamakon daɗi.

Idan lamba tana rabuwa gida biyu, dole ɗaya daga cikin masu raba ta bai wuce saiwarta ba, wato lambar da idan ka ninka ta da kanta za ka sami asalin. Saiwar tamu tana tsakanin 46,340 da 46,341. Wannan kaɗai ya sauko da aikin daga biliyan biyu zuwa dubu arba'in da shida. Sannan ba sai ka gwada kowace lamba ba, gagara-rabo kawai za ka gwada, su kuwa 4,792 ne a ƙasa da wannan iyaka. Har yanzu da yawa ga mai alƙalami da takarda. Sai dabarar da Pierre de Fermat ya gano tun 1640 ta shigo: duk gagara-rabon da zai raba 2^p − 1, inda p take nufin adadin biyun da aka jera aka ninka, idan p gagara-rabo ce mara, dole ya zama ninkin 2p da ƙarin ɗaya. Duba 2047: p ita ce 11, ninki biyunta 22, masu raba ta kuwa 23 da 89, wato 22 da ɗaya, da kuma 88 da ɗaya. Ga tamu, dole mai rabon ya zama ninkin 62 da ƙarin ɗaya. Euler ya ɗora nasa sharaɗin a kai: idan ka raba mai rabon da 8, saura dole ya zama 1 ko 7. Ka haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama lambobi iri biyu kaɗai suka rage: ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Waɗannan ba su kai 400 ba a ƙasa da 46,341, kuma idan ka tsame waɗanda ba gagara-rabo ba, abin da ya rage bai kai ɗari ba.

Daga biliyan biyu zuwa ƙasa da ɗari, kafin a yi rabo ko guda. Wannan shi ne lissafi a wurina. Ba ƙarfin ƙirga ba ne, sanin abin da ba sai an ƙirga ba ne.

Na taɓa zama da littafin rubutuna in bi sawunsa da hannu. Na jera 'yan takarar: 63 ba gagara-rabo ba ce, 249 ita ce 3 sau 83, sai 311, ita ce ta farko ta gaske. Na yi dogon rabo, na sami 6,905,092, saura 35. Ba ta raba ba. Na tsallake 497 da 559 da 745 da 807 da 993 da 1055 da 1241, duk suna da masu raba su. Sai 1303: ta shiga sau 1,648,107, saura 226. Sai 1489: sau 1,442,232, saura 199. Kowane rabo sai na sake ninkawa in ƙara saura in ga ko na dawo kan lambar, domin kuskuren alƙalami ɗaya ya isa ya ɓata hujjar duka. Abin da na ji a jikina a lokacin shi ne nauyin amanar da ke cikin irin wannan aiki. Idan ka ce lamba tana rabuwa, ka nuna mai raba ta, magana ta ƙare. Idan ka ce ba ta rabuwa, sai ka rufe kowace ƙofa, kuma ka tabbata ba ka manta da ko guda ba. Euler ya yi wannan yana da shekara 65, ganinsa ya kusa ƙarewa, yawancin aikinsa a ka yake yi yana shifta wa masu rubuta masa. Lambar ta shafe fiye da shekara saba'in ita ce gagara-rabo mafi girma da aka tabbatar a duniya.

Tabbatar da ita ya zo da tukuici. Tun zamanin Yuklid, masanin lissafin Girkawa, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka san cewa duk lokacin da 2^p − 1 ta zama gagara-rabo, idan ka ninka ta da 2^(p − 1) za ka sami kamilar lamba. 3 sau 2 ta ba da 6, 7 sau 4 ta ba da 28, 31 sau 16 ta ba da 496, 127 sau 64 ta ba da 8128. Euler da kansa ya nuna cewa duk kamilar lamba da take cika ta wannan hanyar kaɗai take fitowa. Tamu sau 1,073,741,824 ta haifi kamila ta takwas: 2,305,843,008,139,952,128. Alƙaluma 19, kuma idan ka tara duk masu raba ta ban da ita, ita za ka samu cif. A 1811 wani masanin lissafi na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya a sake gano wadda ta fi ta, tunda abin sha'awa ne kawai marar amfani, babu wanda zai wahalar da kansa. Ina jin bai auna yadda son sani yake riƙe mutum ba. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu. A 1883 Ivan Pervushin na Rasha ya tabbatar da 2^61 − 1, wadda Mersenne ya tsallake. R. E. Powers ya ƙara da 89 a 1911, da 107 a 1914, su ma ba sa cikin jerin. Sannan 67 da 257 da Mersenne ya sa, duk biyun sun rabu. A 1903 Frank Nelson Cole ya tsaya gaban taron masana lissafi a birnin Niyok ya nuna cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Hanyar Lucas, wadda Derrick Lehmer ya kammala a 1930, ba ta neman mai rabo sam. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka ɗebe biyu, ka riƙa maimaitawa, kowane mataki kana riƙe saura kawai bayan ka raba da lambar da kake gwadawa. Mu gwada da 31, wadda take 2^5 − 1. Daga 4 sai 14. Daga 14 sai 194, ka raba da 31 saura 8. Daga 8 sai 62, ka raba da 31 saura sifili. Mataki uku, wato biyar a ɗebe biyu, aka sauka kan sifili, saboda haka 31 gagara-rabo ce. Ga tamu mataki 29 ne kawai. Da wannan hanya da 'yan uwanta masu sa kai a faɗin duniya suke ta farauta da kwamfutocinsu, ƙarƙashin shirin GIMPS da George Woltman ya fara a 1996. A watan Oktoba na 2024 Luke Durant ya gano 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a wannan dangi. Tamu ta takwas ce a cikinsu. Kusa da waccan ba ta kai ƙwayar rairayi ba, amma jini ɗaya ne.

Akwai wani ƙaramin gida da ta shiga wanda mazaunansa ba su da yawa. Adadin nan 31 da ya haife ta, shi kansa ɗan Mersenne ne, tunda 2^5 − 1 ne. Wato daga 5 aka sami 31, daga 31 aka sami 2,147,483,647. Gagara-rabo masu irin wannan nasaba mai hawa biyu guda huɗu kaɗai aka sani: 7, da 127, da tamu, da ta Lucas mai alƙaluma 39. Mutum zai so ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya zaci idan aka ɗora tamu a sama aka yi 2^2,147,483,647 − 1 za a sake samun gagara-rabo. Ba haka ya kasance ba, an gano masu raba waccan. Sarƙar ta tsinke a kanta.

Sai halin da na fi ƙauna, wanda kuma ba kasafai ake ambatonsa ba. A 1770 Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i huɗu ko ƙasa da haka, murabba'i kuwa shi ne lamba sau kanta. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13 da take 9 da 4. Wasu sai uku. Tamu fa? Idan ka raba ta da 4 saura 3, kuma lamba mai irin wannan saura ba ta taɓa zama jimlar murabba'i biyu. Idan ka raba ta da 8 saura 7, wannan kuma ya hana ta zama jimlar uku, domin murabba'i idan ka raba shi da 8 saura 0 ne ko 1 ko 4, kuma duk yadda ka haɗa uku daga cikinsu ba za ka sami 7 ba. Dole sai huɗu cif. Na ce bari in nemo su da kaina. Na fara da 46,340, murabba'inta 2,147,395,600, abin da ya rage 88,047. Sai na ga ita ma wannan idan an raba da 8 saura 7, ke nan hanya ta toshe. Na koma baya taku ɗaya zuwa 46,339, murabba'inta 2,147,302,921, ya rage 180,726. Mafi girman murabba'in da ya shiga ciki na 425 ne, 180,625. Na ɗebe, sai ga 101 tana kallona: ɗari da ɗaya, murabba'in 10 da murabba'in 1. Ke nan 46,339 da 425 da 10 da 1, kowace sau kanta, a tara, sun ba da 2,147,483,647. Duk mai takarda zai iya dubawa cikin minti biyar, kuma ina roƙon mai karatu ya duba, domin gani ya kori ji.

Yanzu in koma ga ɗalibina da lambarsa ta kwamfuta, domin yana da tasa gaskiyar. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga farkon ranar 1 ga Janairun 1970. Daƙiƙa 2,147,483,647 daidai take da kwana 24,855 da awa uku da minti 14 da daƙiƙa bakwai, shekara 68 ke nan da 'yan kwanaki. Wa'adin zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT. Duk na'urar da har lokacin take ajiye lokaci a gurbi 32 mai alama, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta ga kanta a ranar 13 ga Disamban 1901, irin kifewar da ta hana ni barci. Shi ya sa aka daɗe ana mayar da tsare-tsare zuwa gurbi 64. A Disamban 2014 ma YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'ajin ƙidayar masu kallo, saboda wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya haura wannan adadi. Sabuwar iyakar ita ce 9,223,372,036,854,775,807, wato 2^63 − 1, kuma ita ba gagara-rabo ba ce, tunda 63 tana kasuwa uku-uku da bakwai-bakwai: 7 tana raba ta, 127 ma haka. Iyakar gurbi 16, wato 32,767, ita ma tana rabuwa da 7. Wannan ya nuna cewa zaman tamu iyakar na'ura kuma gagara-rabo a lokaci guda dacewa ce kawai, ba wanda ya tsara.

Amma da dacewar ta samu, masu hikima ba su bar ta ta wuce ba. Kwamfuta tana yawan buƙatar jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a, waɗanda ba a gane tsarinsu da ido. Wata sananniyar hanya, wadda Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙe a matsayin ma'auni a 1988, ita ce ka ɗauki lamba ka ninka ta da 16,807, wato bakwai guda biyar a ninke, ka raba da 2,147,483,647 ka riƙe saura, sannan ka maimaita da sauran. Saboda lambar gagara-rabo ce, kuma an zaɓi abin ninkawar da kyau, jerin zai ziyarci kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 sau ɗaya-ɗaya kafin ya dawo inda ya fara. A nan riga da hali suka yi aiki tare: girmanta ya dace da ma'ajin na'ura, ƙin rabuwarta kuma ya hana jerin saurin komawa gida. Abin da Barlow ya ɗauka marar amfani ya shiga cikin na'urori ba adadi.

Na faɗa wa ɗalibin nan duk wannan a cikin makonni, ba a zama ɗaya ba. Abin da ya fi kama shi ba 2038 ba ne, tambayoyin da har yau ba mai amsarsu ne: ko gagara-rabon Mersenne suna da iyaka ko ba su da ita, ko akwai kamilar lamba da take mara, ko akwai ta biyar a gidan nan mai mazauna huɗu. Ya ce, "Malam, wato har yanzu ba a gama ba?" Na ce ba a gama ba. Washegari ya zo da takarda, ya ce yana so mu ƙarasa rabon Euler tare, shi ya ɗauki na ƙarin 1, ni in ɗauki na ƙarin 63. Na buɗe littafina inda na tsaya, a kan 1489. Muka tsallake 1551 da 1737 da 1799 da 1985, sai muka iske 2047 a cikin jerin 'yan takara, tsohuwar 23 sau 89 ɗin nan, muka tsallake ta ita ma. Ta gaba da ta cancanci gwaji 2543 ce, kuma ta faɗo a rabona. Saura 1523.